Gidan Alƙalin Kagara da Littattafan Yara na Hausa: Asali da Rayuwar Alhaji Abubakar Imam

Gabatarwa

Abin da za mu yi magana a kansa a wannan takarda shi ne gidan da Alhaji Abubakar Imam ya fito, da irin hannun da gidan nan yake da shi a cikin littattafan da ya rubuta wa yara. Ba mu da niyyar bin labaran Magana Jari Ce ɗaya bayan ɗaya muna feɗe su, domin an sha yin wannan aiki, kuma an yi shi da kyau.

Abubuwa biyu ne suka ja hankalinmu ga wannan batu. Na farko ƙarami ne. A wajen zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Talatar Mafara da Bakura da Maradun, mukan tarar da ɗalibi ya karanta wa yara labarin Kalala da Kalalatu, aji ya ɗauki dariya, darasi ya yi armashi. To amma in ka ja shi gefe ka tambaye shi ko mutumin ina ne marubucin, sai wannan ya ce Bazazzagi ne, wancan ya ce Bakatsine ne. Kowannensu yana da ɗan abin kamawa, tun da yake a Katsina Imam ya yi karatu, a Zariya kuma ya yi yawancin aikinsa, can ya rasu. Sai dai ba a ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu aka yanke cibiyarsa ba.

Abu na biyu ya fi nauyi. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu nazari, wai Imam bai ƙagi kome ba, Bature ne ya tara masa littattafan wasu ƙasashe ya ce ya juya su zuwa Hausa. Idan haka abin yake, to ashe littafin da muka fi tinƙaho da shi a adabin yaranmu kayan aro ne. A ganinmu ba a iya yanke hukunci a kan wannan zargi sai an san abin da Imam ya riga ya mallaka kafin ya taka ƙofar ofishin Baturen, wato abin da ya ɗauko daga gida.

Zuriya

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara a shekarar 1911. Kagara a yau ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi a cikin Jihar Neja. Mahaifinsa shi ne Malam Shehu Usman, malami kuma alƙalin garin. Bisa ga abin da Imam ya faɗa da kansa a cikin tarihin rayuwarsa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a Zariya a 1989, asalin gidansu daga ƙasar Barno ne, daga wajen Dikwa. Malam Shehu Usman ɗan Malam Muhammadu Badamasi ne, shi kuma ɗan Malam Muhammadu Gajibo, wanda shi ne ya taso daga gabas ya yiwo yamma.

Ya kamata a lura da cewa kowane suna a cikin jerin nan yana ɗauke da "Malam" a gabansa. Wannan ya nuna mana sana'ar gidan, kuma ya bayyana mana dalilin yawan ƙaurarsu. Malami a wancan zamani matafiyi ne. Yakan tashi neman wani littafi da ya ji labarin mai karantar da shi a wani gari, ko kuwa wani sarki ya ji labarinsa ya aika a kira shi ya zama limami ko alƙali ko magatakarda. Ta haka ne zuriyar da ta taso daga gefen Tafkin Chadi ta wayi gari a ƙasar Kamuku, bayan ta ratsa garuruwa da harsuna iri iri. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yana jin Larabci a zaure, yana jin Hausa a cikin gida da kasuwa, yana kuma jin labarin garuruwan da kakanninsa suka zauna. Tun yana ƙarami ya san cewa labari yakan yi tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, ya sake riga a kan hanya.

Har wa yau, gidan alƙali ba daidai yake da gidan malamin da ke karantarwa kawai ba. A ƙofar alƙali ake kawo rikicin gado da na bashi, da na mata da miji, da na ɓarawo da mai kaya, da mai rantsuwa a kan ƙarya. Duk wanda ya karanta littattafan Imam ya san yadda shari'a ta cika su: ga mai ƙara, ga wanda ake ƙara, ga alƙali ko sarki yana neman dabarar da zai gano mai gaskiya. Irin waɗannan labarai suna nan a cikin littattafan Larabawa da na Turawa, gaskiya ne, amma yadda Imam yake sa mai laifi ya yi ta kwana-kwana da baki, da yadda fadawa suke tsoma baki suna zuga, wannan sai wanda ya zauna a gefen tabarmar shari'a ya ji da kunnensa.

Kwantagora da zuwan Turawa

Kafin haihuwar Imam, gidansu ya zauna a ƙarƙashin sarautar Kwantagora, kuma a nan ne tarihin gidan ya ɗan taɓo ƙasarmu ta Zamfara. Wanda ya kafa Kwantagora shi ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wato jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kafin ya yi kudu ya sami sarautar Sarkin Sudan, Umaru ya riƙe ribaɗi a wannan yanki, kuma masu tarihi sun ambaci zamansa a Talatar Mafara a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ke nan daular da mahaifin Imam ya yi wa aiki reshe ce da ta tsiro daga Sakkwato ta bi ta kan Zamfara.

A shekarar 1901 sojan Turawa suka ci Kwantagora, a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim, ɗan Umaru Nagwamatse. Sarki ya fita da jama'arsa, kuma iyalin Malam Shehu Usman suna cikin waɗanda suka bi shi. Babban ɗansa, Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1890, yana ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ya ga gudun hijira da idonsa, ya ga yadda bindiga mai ruwa take yi wa mahaya dawaki. Imam bai ga wannan ba, shekara goma bayan haka aka haife shi, amma labarin yana nan ɗanye a cikin gida lokacin da ya fara wayo.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya gudu daga Turawa da iyalinsa shi ne daga baya ya yarda ɗansa ya shiga makarantar boko, a lokacin da yawancin malamai suke ganin ta hanyar halaka ce. Bello ya yi karatu a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, bayan ya riga ya yi nisa a karatun gida. Shawarar nan ta Malam Shehu Usman ita ce ta buɗe hanyar da littattafai biyu daga cikin biyar na farko na ƙagaggun labaran Hausa suka fito daga ɗaki ɗaya.

Ba za mu wuce nan ba sai mun faɗi abin da ke ran kowa da ya fito daga yankinmu. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Kagara suka kwashe ɗalibai da malamai. Kwana tara bayan haka aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talatar Mafara. A cikin watan Agusta na shekarar aka taɓa kwalejin aikin gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma makarantar Kaya a ƙasar Maradun. Garin da ya haifi marubucin yaran Hausa da garuruwan da muke karantar da littattafansa masifa ɗaya ta same su a shekara ɗaya, kuma uban da ke tsaye yau yana tunanin ko ya mai da ɗansa makaranta ko ya bar shi a gida yana cikin irin tsaka mai wuyar da alƙalin Kagara ya shiga, ko da yake abin tsoron ya bambanta.

Malam Bello: wa, kuma malami

Tsakanin Bello da Abubakar akwai shekara ashirin da ɗaya. A al'adarmu irin wannan wa uba ne. Bayan Bello ya gama karatu ya koyar a Zariya, daga nan aka kai shi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai, inda ya zama malamin Larabci da addini. Ya daɗe a wannan aiki har zuwa 1945, sa'an nan ya koma aikin shari'a a En'en Katsina, aka kuma naɗa shi Walin Katsina. Ya rasu a 1971.

A hannun wannan wa Abubakar ya tashi a Katsina, bayan ya fara karatun allo a gaban mahaifinsa. Ya shiga makarantar lardi, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina a 1927 ya fita a 1932. A shekarun nan ya zauna tare da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da rana yana koyon Turanci a hannun Turawa waɗanda suka tsananta ƙwarai a kan lafazi da nahawu, da dare kuma ya koma gidan da littattafan fiƙihu da lugga suke jibge. Da ya gama aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Wannan aiki na koyarwa sau da yawa akan ambace shi a wuce, alhali kuwa yana da muhimmanci ga batunmu. Mutumin da ya tsaya gaban yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar kullum safiya ya san tsawon lokacin da yaro zai iya sauraro kafin hankalinsa ya tafi, ya san abin da ke ba su dariya, ya kuma san cewa wa'azi tsirara ba ya shiga. Mu da muke wannan sana'a mun san ba a koyon wannan a littafi.

Gasar 1933

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Dalili shi ne an koya wa mutane karatun boko amma babu abin karantawa sai littattafan lissafi da na kiwon lafiya da tarihin da aka fassara. East ya zaga manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labari na ƙirƙira, kuma shi da kansa ya rubuta cewa ya sha wuya wajen shawo kansu, domin a wurin malami rubutu abu ne na addini da ilmi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce, ba ta cancanci tawada ba.

Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Idan muka ajiye na 'yan'uwan nan biyu gefe da gefe, za mu ga gida ɗaya ta fuska biyu. Ganɗoki labarin jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa a Kwantagora, da ƙasa ta ci wuta ya yi gabas ya faɗa duniyar aljannu yana ta sara da suka. Littafin wanda ya ga yaƙin ne, kuma zafin abin bai huce masa ba. Harshensa cike yake da kirari da take. Ruwan Bagaja shi ma daga Kwantagora ya tashi, tauraronsa ma sunansa Alhaji Imam, kuma abin da ya fitar da shi yawon duniya shi ne a wanke wani limami da aka kunyata a fada. To amma makamin wannan tauraro wayo ne da baki, abokin karawarsa kuwa, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin wasa ne fiye da abokin gaba. Ƙanen da aka haifa bayan an ajiye takobi ya ga cewa zamanin da ya shigo na mai dabara ne.

Imam bai ɓoye ba cewa ya ɗauko tsarin haɗuwar mutum biyu masu yi wa juna wayo a gari bayan gari daga Muƙamatul Hariri. Wannan littafi kuwa ba a makarantar boko ake karanta shi ba. Littafin zaure ne, wanda ɗalibin da ya yi nisa a lugga yake sauka a gaban malaminsa. Ke nan aron farko da Imam ya yi, tun East bai miƙa masa ko takarda ɗaya ba, daga taskar gidansu ya yi shi, kuma yana ɗan shekara ashirin da biyu.

Wata shida a Zariya

Ganin Ruwan Bagaja ya sa East ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina. A 1936 ya zo Zariya ya yi wata shida, a cikinsu ya rubuta Magana Jari Ce littafi na ɗaya da na biyu da na uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939, musamman don 'yan makaranta. Gaskiya ne East ya tara masa littattafai: Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu Grimm, da labaran Indiya da Farisa, da wasu na Turai. Gaskiya ne kuma yana duba abin da aka rubuta yana ba da shawara. Ba mu ga amfanin musun wannan ba, tun da su biyun duka sun faɗa.

Abin dubawa shi ne abin da Imam ya yi da kayan da aka ba shi. Mu ɗauki uwar labarin kanta. Aku mai hana mutum fita da dare ta hanyar ba shi labari tsohon tsari ne na Indiya, wanda Farisawa suka juya suka kira Tutinama. A can, matar wani falke ce take son fita wajen kwartonta bayan mijinta ya yi tafiya, aku yana riƙe ta da labari har gari ya waye. Ɗan alƙali ba zai miƙa wa yaran makaranta wannan ba. Sai ya mai da matar ta zama Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, wanda yake ɗokin ya bi mahaifinsa da Mahmudu fagen fama, ga kuma mugun waziri yana jira ya fito a hallaka shi. Da wannan canji ɗaya labarin ya tashi daga batun fasiƙanci ya koma batun amana da cin amana a fada, da haƙurin yaro a kan abin da ransa yake so. Wanda ya tashi yana jin yadda aka yi da Kwantagora ya san fada, ya san abin da ke faruwa a gari idan sarki ya fita yaƙi.

Haka abin yake a ƙananan labaran. Kalala da Kalalatu daga labarin wata kuku ce ta Jamus da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, ta kuma haɗa maigida da baƙon gudu. A hannun Imam kuku ta zama matar gida, maigida ya zama irin mutumin nan da kowa ya sani a unguwa, baƙuncin kuma ya bi ƙa'idar baƙunci ta Hausa, har yaro a Bakura ba zai taɓa zaton labarin ya taɓa ƙetare teku ba. Labarin Sarkin Busa shi ma daga Jamus ya zo, daga labarin mai sarewar da ya raba wani gari da ɓeraye aka hana shi ladansa. Daɗin daɗawa, yawancin labaran an raɗa musu suna da karin magana, ta yadda darasin yana zaune a kan labarin tun kafin a fara, ba sai an tsaya dogon wa'azi a ƙarshe ba.

Littafi na uku ya fi kowanne nuna mana gidan. A cikinsa Aku, wanda ya riga ya zama waziri, yana zaune yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari: ya ba shi, ya sa ya maimaita, ya gyara masa, ya tsawata masa in ya yi garaje. Wannan tsarin karatun zaure ne sak, uba yana biya wa ɗa. Mutumin da ya yi karatu a gaban mahaifinsa, ya ƙarasa a gaban wansa, shi ne ya ga cewa hikima gado ce da ake miƙawa hannu da hannu, har ya gina littafi guda a kan haka.

Saboda haka amsarmu ga masu zargin kwafi ita ce, a zauren malamai ɗauko matani daga wani harshe a warware shi da Hausa a gaban ɗalibai, a kawo misali da abin da suka sani, shi ne aikin malami na kullum. Haka ake fassara Ishiriniya, haka ake tafsiri da azumi. Imam ya tarar da wannan hanya a gida, ya ɗora ta a kan labaran nishaɗi, abin da malaman da East ya fara roƙo suka ga ya yi musu ƙanƙanta.

Sauran rayuwarsa

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa, ya koma Zariya da zama. A 1943 ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, wato Gwamnan da sojansa suka kori iyayensa daga Kwantagora, ya kuma rubuta masa wasiƙu a kan halin da Arewa take ciki. Labarin tafiyar shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya shiga majalisa a farkon shekarun 1950, ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata, Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981. A duk tsawon wannan lokaci bai daina rubuta wa yara ba: Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah wanda suka yi tare da East a kan halittu, da littattafan tarihin Annabi da sahabbai. Waɗannan na ƙarshe, a ganinmu, komawa ce ga ainihin aikin gidan Malam Gajibo.

Ba Kagara kaɗai ta ba da irin wannan malami marubuci ba. A nan gida muna da Alhaji Abubakar Tunau Mafara, wanda ya rubuta Wasan Marafa, ɗan gajeren wasan kwaikwayo don 'yan makaranta a kan tsabta da amfanin ilmin zamani, wanda aka buga a 1949, ya kuma fassara Yawon Duniyar Hajji Baba. Hanyar da Imam ya share ita ya bi, wato malamin aji ya ga abin da yaransa suke bukata ya zauna ya rubuta. Abin takaici ne a ce ɗalibi ɗan Mafara ya gama kwaleji bai san cewa ɗaya daga cikin wasannin Hausa na farko da aka buga ɗan garinsu ne ya rubuta shi ba.

Batun zane

Saura magana ɗaya, wadda ita ma gida ne ya yanke ta. A Turai an saba samun mutum ɗaya ya rubuta littafin yara ya kuma zana hotunansa. Misalin da aka fi sani shi ne Beatrix Potter ta Ingila, wadda aka haifa a 1866 ta rasu a 1943. 'Yar masu hali ce a Landan, ba a kai ta makaranta ba, a gida aka koyar da ita, ta tashi tana kiwon zomaye da ɓeraye a ɗakinta tana zana su, mahaifinta kuma mai sha'awar zane da ɗaukar hoto ne. Littafinta na zomo da ya fito a 1902 daga wasiƙa mai hotuna ya samo asali, wadda ta aika wa wani yaro marar lafiya. A wurinta hoto da magana tare suka taso.

Imam bai zana littattafansa ba, kuma ba mu ga yadda za a yi ya zana ba. Gidan malamai yana da nasa zane, mai kyau kuwa: rubutun Alƙur'ani da Barno ta yi suna a kansa, da zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, da adon da ake sa wa farkon sura da ja da rawaya. Amma zanen mai rai, mutum ko dabba, malamai suna ƙyamarsa saboda hadisan da suka zo a kansa. Don haka hannun da ya iya alƙalami a gidan alƙali bai koyi zana aku ba. Hotunan littattafan Zariya wasu ne dabam suke yin su, kuma bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 har an ɗauko mai zane daga Turai, Jacqueline de Naeyer, 'yar ƙasar Beljiyam, wadda daga baya East ya aura.

Wannan rashi ya zame wa Imam wani irin ƙarfi, domin ya tilasta masa ya yi hoton da baki. In ya kawo mutum sai ka ga tafiyarsa da yadda ya naɗa rawani. To amma ga yaro ɗan aji ɗaya ko biyu, wanda bai iya haɗa baƙi ba tukuna, hoto ne ƙofar shiga littafi, kuma rabuwar nan tsakanin mai rubutu da mai zane ta bi adabin yaranmu har yau. Marubuci yakan gama aikinsa a kai wa wani wanda bai san bambancin rumbu da rufewa ba ya zana, sai ka ga an sa wa manomin Maradun irin hular da ba a taɓa gani a Zamfara ba, ko an zana masa garmar da ba ta yi kama da tasa ba. Yara kuwa suna lura da wannan tun kafin malami ya lura.

Yawancin kwalejojin ilmi suna da sashen Hausa, da dama kuma suna da sashen zane-zane, sau da yawa gini ɗaya ne ya raba su. Shawararmu ita ce aikin ƙarshe na ɗalibin Hausa mai sha'awar adabin yara a haɗa shi da na ɗalibin zane, su fita tare zuwa ƙauyen da aka ɗauko tatsuniyar, mai rubutu ya ji yadda tsohuwa take faɗinta, mai zane ya ga ɗakin da turmin da zanen da ta ɗaura, su dawo su yi ɗan littafi mai shafi goma sha shida wanda za a gwada a aji lokacin gwajin koyarwa.